Abubuwan da ya kamata ka sani: Daga Abatuwa zuwa Jankwano, yadda birnin Jos ke tarar annoba

Da zarar an ce annoba ta shigo gari, hankalin kowa asibiti yake tafiya: gadaje nawa ne, likitoci nawa ne, akwai magani ko babu. Alhali kafin mai ciwo ya kai ga gadon asibiti, cutar ta riga ta kwana biyu tana yawo a kasuwa, a bakin rijiya, a tashar mota. A Jos, ɗaya daga cikin wuraren da za a iya tare ta tun tana ƙarama shi ne Abatuwa, a yankin Giring na Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, inda babbar mayankar gari take, har unguwar da kasuwarta suka ci sunanta.

Jos gari ne da Allah ya yi wa arzikin manyan cibiyoyi: Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa a Vom, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo, asibitin Jankwano, Asibitin Ƙwararru na jiha. Ba kowane babban birni a Arewa ke da rabin wannan ba. Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin waɗannan cibiyoyi da mutumin da zai fara ganin alamar cuta, wato mahauci, mai kemis, mai garuwa ko mai wankan gawa.

Me ya haɗa mahauta da annoba?

Masana kiwon lafiya sun ƙiyasta cewa kusan shida cikin goma na cututtuka masu yaɗuwa da ke kama ɗan Adam ana iya ɗaukarsu daga dabbobi, sabbin da ke ɓullowa kuwa kusan uku cikin huɗu daga can suke. Saniyar da za a yanka a Jos da asuba wataƙila daga rugar da ke kusa take, wataƙila kuma tirela ce ta sauke ta daga manyan kasuwannin arewa maso gabas irin su Potiskum, bayan ta ratsa hannun dillalai uku ko huɗu. A duk wannan tafiya babu wanda ya leƙa cikinta. Sai a mayanka ne ido mai ilimi ke fara ganin abin da ta ɗauko.

Duba nama mataki biyu ne. Na farko tun dabba tana tsaye: yadda take takawa, yadda take numfashi, ko miyau na dalala, ko hanci na zuba. A ƙa'ida sai ta huta bayan saukowa daga mota kafin a kai ta ga wuƙa, don wahalar hanya takan ɓoye ciwo, takan kuma ƙirƙiro alamar da ba ta ciwo ba ce. Na biyu bayan an yi fiɗa an fito da kayan ciki. Likitan dabbobi ko mataimakinsa zai ɗauki huhu ya mammatsa, ya tsaga kaluluwar da ke jikinsa. Idan tarin fukan shanu ne, zai tarar da ƙulle-ƙulle masu ruwan ɗorawa, wuƙa na ƙaras-ƙaras idan ta ratsa su. Zai tsaga hanta ya matse hanyoyin matsarmama ya ga ko tsutsa mai faɗi za ta fito. Zai yanki harshe da zuciya da naman muƙamuƙi yana neman ƙananan ƙuraje farare, waɗanda su ne ke zama doguwar tsutsar ciki ga wanda ya ci nama bai dahu ba. Duk wannan aikin 'yan mintuna ne ga wanda hannunsa ya faɗa, matuƙar akwai haske, akwai ruwa, kuma ba shanu hamsin aka zube masa a lokaci guda ba.

Akwai cutar da ita ma fiɗar haramun ce a kanta, wato ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antaraks. Dabba takan faɗi farat ɗaya, baƙin jini da ba ya daskarewa ya riƙa fita ta hanci da dubura. Idan aka farka cikinta, ƙwayar cutar ta sha iska, sai ta yi wa kanta ɓawo ta zauna a ƙasar wurin shekara da shekaru. Akwai kuma bakkale, mai sa shanu ɓari. Ita mahauci take fara kamawa, ta yankan da ke hannunsa, ko wanda ya sha madarar da ba a tafasa ba. Zazzaɓinta zuwa yake yana komawa, don haka mutum sai ya yi wata da watanni yana shan maganin maleriya da taifot.

Dalilin gina babbar mayanka ke nan tun asali. A 1810 Napoleon ya ba da umarnin a gina mayankun hukuma a Paris a daina yanka a lungunan gari, domin a tara aikin wuri guda inda za a iya sa masa ido. A Jos ba a Abatuwa kaɗai ake yanka ba. Ana yi a 'Yan Shanu, ana yi a Bukuru, ban da na bayan gida da na sallah da suna da biki. Wannan ba laifi ba ne a kan kansa, gari ya faɗaɗa. Amma duk kwatar da ake zubar da jini babu mai dubawa, ƙofa ce a buɗe.

To asarar wa?

Nan ne maganar ta fi nauyi, kuma nan ne aka fi tsallakewa a tarukan bita. Mahauta da yawa ba da kuɗinsu suke sayen saniya ba. Dillali ne ke ba su bisa amana, a yanka, a sayar, da yamma a kawo kuɗi. Ka ɗauka likita ya tsaga huhu ya ga abin da ya gani, ya bi kaluluwa ya tarar ciwon ya game jiki, ya ce saniyar nan gaba ɗaya ba ta ciwuwa. A wannan lokaci mutumin da ke tsaye gabansa ba tarin fuka yake tunani ba, bashin dubban ɗaruruwan naira yake tunani. Abin da zai fito daga bakinsa bai wuce "Likita, a rufa mini asiri" ba. Idan likitan ya tsaya kan gaskiyarsa, kuma babu wanda zai biya ko da rabin asarar, darasin da sauran mahauta za su ɗauka shi ne: saniyar da ake shakkarta kada a kawo ta inda likita yake. Sai a yanka ta da dare a wani wuri, naman ya shiga kasuwa da araha, ya ƙare a tukunyar wanda ya fi kowa talauci.

Ƙasar nan ta taɓa ganin haka ƙuru-ƙuru. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a gonar Sambawa da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Masanan Vom ne suka fara aiki a kan samfuran, wani ɗakin gwaji a Italiya ya tabbatar. Gwamnati ta ce za a kashe kajin gonakin da cutar ta shiga, a biya diyyar naira 250 kowace kaza. Kuɗin bai kai farashin kaza mai ƙwai ba, kuma ba ya fitowa da wuri. Me mai gona zai yi idan ya ga kajinsa sun fara faɗuwa? Da yawa kasuwa suka nufa da sauran tun kafin jami'ai su ji labari. Sai da aka gyara tsarin diyyar daga baya, da tallafin Bankin Duniya, sannan ba da rahoto ya daina zama kashe kai. Filato jihar kiwon kaji ce, ƙwan Jos har kudu ake kai shi, don haka wannan ba labarin wasu ba ne.

A tsakiyar 2023 ma an ɗanɗana. Da ciwon saifa ya ɓulla a arewacin Ghana da maƙwabtanta, ma'aikatar noma ta tarayya ta gargaɗi jama'a kan cin ganda, sannan a watan Yuli Vom ta tabbatar da cutar a wata gona a Gajiri, Ƙaramar Hukumar Suleja ta Jihar Neja. Gargaɗin ya yi daidai, amma masu babbaka da masu sayar da ganda da kai da ƙafa su suka kwana da asarar.

A ganina babu wani gyara da ya kai asusun diyya sauƙi da tasiri. Dama ana karɓar kuɗin yanka kan kowace dabba. Ware wani abu daga ciki, Sarkin Fawa da ƙungiyar mahauta su zauna a kwamitin da ke riƙe da shi, ya fi sayen sabuwar mota ga wani ofishi amfani nesa ba kusa ba.

Ita kanta Vom, da ba ta kai tafiyar awa guda daga Abatuwa ba, annoba ce ta haife ta. An kafa ta a 1924 musamman don yaƙi da bushiya, cutar da ta share garkunan Fulani a ƙarshen ƙarni na 19, ta sake dawowa a farkon shekarun 1980. A 2011 aka ayyana kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya. Da korona ta zo a 2020, ɗakin gwajin dabbobin nan na Vom ne aka juya ya riƙa gwada samfuran mutane.

Abin da ya faru a Jankwano a 1969 da 1970

Sunan wani ƙauye ne a Jihar Borno ta yau aka laƙaba wa zazzaɓin Lassa, amma a Jos duniya ta fara fahimtar irin haɗarinsa. A watan Janairun 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, wata ma'aikaciyar jinya 'yar mishan mai suna Laura Wine ta kamu da wani zazzaɓi a garin Lassa wanda ya ƙi jin magani. Aka ɗauko ta a jirgi zuwa asibitin mishan na SIM a Jos, wanda aka daɗe ana kira Evangel, yau shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham, mutanen gari kuwa Jankwano suka sani. Ba ta jima ba ta rasu. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta tana da ɗan yanka a yatsa, ita ma ta kwanta, ta bi ta. Ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta Amurka, ta sha jinya ta tashi. Daga jininsu aka gano ƙwayar cutar a Jami'ar Yale, inda can ma ta kama masanin da ke binciken, Jordi Casals, wanda aka ceto da ruwan jinin Pinneo, ta kuma kashe wani ma'aikacin ɗakin gwaji.

Shekara na zagayowa, a farkon 1970, cutar ta sake ɓulla a asibitin. Wannan karon daga wata majinyaciya ta bazu zuwa masu kwance a ɗaki ɗaya da ita, da ma'aikata, da 'yan dubiya. Dokta Jeanette Troup, likitar da ta ga na farkon, ta gane abin da take gani. Tana binciken gawa don tabbatarwa wuƙa ta yanke ta, ta rasu a watan Fabrairun 1970. A ƙarshen 1969 ɗin kuma Filato ta yi fama da babbar annobar shawara. Cututtuka biyu masu kisa a shekara guda, a garin da lokacin shi ne hedikwatar Jihar Binuwai-Filato.

Abin lura a labarin nan shi ne asibiti kansa ne ya zama wurin yaɗa cutar. Har yau haka take yi: duk shekara cikin waɗanda Lassa ke kashewa a Najeriya akwai likitoci da ma'aikatan jinya. Safar hannu, ruwan famfo a ɗakin marasa lafiya, wurin ware mai zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, da rage tururuwar 'yan dubiya (wanda a al'adarmu ya fi komai wuya, don rashin zuwa dubiya abin gori ne), su ne ke raba mutum ɗaya mai Lassa da mutum talatin.

Daga baya, a Saliyo, aka gano cewa wani ɓera mai yawan nonuwa ne ke ɗauke da ƙwayar, yana zubar da ita ta fitsari da kashi a kan abinci. Cutar ta fi tashi da rani, daga Disamba zuwa wajen Afrilu. Kusan takwas cikin goma na waɗanda ta kama ba sa jin jiki sosai, amma wanda ta kwantar, idan ba a fara ba shi maganin ribabirin da wuri ba, abin yakan yi muni, wasu da suka tashi kuma sukan kurumce. Har yanzu babu allurar rigakafinta da aka amince da ita. Ga unguwa mai kasuwar hatsi da kwandon shara da tarkacen yanka, rigakafin shi ne hana ɓera abinci: mazubi mai murfi, kwashe shara a kan kari, daina shanya garin rogo da masara a bakin titi.

Wane ne mai garin?

Tambaya ce da ba ta da amsa guda, kuma wannan ita ce babbar matsalar duk manyan biranen Najeriya ban da Abuja. Babu wata hukuma ɗaya da ake kira gwamnatin birnin Jos. Garin ya rabu tsakanin Jos ta Arewa da Jos ta Kudu, waɗanda ƙidayar 2006 ta ba su mutum sama da 700,000 a haɗe, ya kuma malala zuwa Bassa da Jos ta Gabas. Mutum na iya kwana a wata ƙaramar hukuma, ya yi sana'a a wata, ya kwanta asibiti a ta uku.

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da mayanka, kasuwanni, tashoshin mota, bandakunan jama'a, maƙabartu da kwashe shara. Duba jerin da kyau: duk wuraren da annoba ke bi ne. Amma a aikace likitan da ke duba nama ma'aikacin jiha ne. Shara a Jos tana hannun hukumar tsaftar muhalli ta jiha, PEPSA. Izinin gini da tsara gari na hannun hukumar raya birnin Jos, JMDB. Famfo na hukumar ruwa. Ƙananan asibitoci na hukumar lafiya matakin farko. Asibitin Lamingo da cibiyar Vom na tarayya ne. Jankwano da asibitin OLA na coci ne. Idan kwatamin da ke ɗauke da jini da tumbi daga wata kwata ya toshe ya malala cikin rafi, a ofishin wa za ka kai ƙara? Kowa zai nuna maka ƙofar gaba.

A matakin tarayya kuwa an samu ci gaba na gaske. Hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, da aka kafa a 2011 ta samu dokarta a watan Nuwamban 2018, a zamanin shugabancin Dokta Chikwe Ihekweazu. A ƙarshen 2019 ma'aikatun lafiya, noma da muhalli suka fitar da tsarin haɗin gwiwa na kallon lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli a matsayin abu ɗaya. A 2024 aka ƙirƙiro ma'aikatar kiwon dabbobi ta tarayya. Duk da haka, da korona ta zo, dokar killacewa ta 1926, wadda Turawa suka bari, ita Shugaba Buhari ya dogara da ita wajen kafa dokar kulle.

Batun kuɗi gajere ne. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. Dokar Lafiya ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi ɗaya na kuɗin shigar tarayya don lafiya matakin farko. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Idan hukuncin ya tabbata a aikace, shugaban ƙaramar hukuma ba shi da sauran uzuri kan bandakin kasuwa.

Yaya labarin cuta ke kaiwa sama?

A kowace ƙaramar hukuma akwai jami'in sa ido kan cututtuka. Aikinsa ya bi asibitoci ya tattara rahoto, idan ya ji wani abu baƙo ya je ya gani, ya ɗauki samfur, ya sanar da jami'in annoba na jiha, daga nan zuwa NCDC. Yau ana shigar da bayanan ta manhajar SORMAS, wadda masanan Najeriya da na Jamus suka ƙera bayan Ebola. Akwai ma'aunin da aka fito da shi a 2021 ana kiransa 7-1-7: a gano ɓullar cuta cikin kwana bakwai, a sanar da hukuma cikin kwana ɗaya, a kammala matakan farko cikin kwana bakwai. Ma'auni ne mai kyau don ba ya ɓoye inda aka makara.

Kuma kusan kullum a bakwai ɗin farko ake makara. Dalili a bayyane yake: mai zazzaɓi a Abatuwa ko Gangare ba asibiti yake fara zuwa ba, kemis yake zuwa. "Oga, a haɗa mini na zazzaɓi." A haɗa masa. Bayan kwana uku ya dawo a canja masa wani, sai a ce taifot ne. Mai kemis ɗin nan ya san an samu mutum biyar daga layi ɗaya da amai da gudawa tun kafin wani likita ya sani, amma ba ya cikin jerin waɗanda ake tambaya, shi ma yana tsoron idan ya yi magana a zo a bincika lasisinsa. Haka rahoton likitan dabbobi ke tafiya ma'aikatarsa, na likitan mutane ke tafiya tasa, ba lallai su haɗu a teburi guda ba.

Birane biyu sun nuna mana bambancin. A Legas, Patrick Sawyer ya sauka daga Laberiya ranar 20 ga Yulin 2014 da Ebola a jikinsa. Dokta Stella Adadevoh ta ƙi sallamarsa duk da matsin lamba, ita ma cutar ta yi ajalinta. Aka ɗauko tsarin cibiyar gaggawa da aka saba da shi a yaƙi da shan inna, aka bi sawun mutum kusan 900 gida-gida. Mutum 20 suka kamu, takwas suka rasu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta fita. A Kano kuwa, a watan Afrilun 2020, masu haƙar kabari ne suka fara cewa gawarwakin sun yi yawa. Ba a rajistar mace-mace yadda ya kamata, don haka sai da aka bi iyalai ana tambayarsu yadda mamatan suka yi jinya. A watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce cikin mamata 979 da aka bincika, rabi zuwa kashi 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce. Littafin rajista a ƙofar kowace maƙabarta, da wanda zai duba shi duk mako, da ya ba da wannan labari tun da wuri. Ga wanda ya ga alamar baƙuwar cuta, lambar kiran NCDC kyauta ita ce 6232.

Ruwa

Jos na da madatsun ruwa, har da na Yakubu Gowon da na Lamingo, amma unguwanni da yawa rijiya da 'yan garuwa suka dogara da su. Gari ne na duwatsu, gidaje a cushe, masai kusa da rijiya. A watan Yulin 2012 ambaliya ta ci mutane fiye da talatin a wajen Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, kuma bayan irin wannan ruwa abin da ake tsoro shi ne kwalara. A 2021 Najeriya ta samu waɗanda ake zaton sun kamu da ita sama da 100,000, fiye da 3,000 suka rasu, Filato na cikin jihohin da ta taɓa. Cuta ce da ba ta kashe ko ɗaya cikin ɗari idan an mayar wa jiki ruwa da wuri: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa sha ana kan hanyar asibiti.

Garin da ya rabu biyu

Ba a iya maganar lafiyar Jos a tsallake rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010. Sun sake wa garin fasali. Musulmi sun tattara a wasu unguwanni, Kirista a wasu, har kasuwa da wurin sayen nama kowa ya fi sakin jiki da na ɓangarensa. Gobarar babbar kasuwar Taminus a watan Fabrairun 2002 ta watsa 'yan kasuwa zuwa bakin tituna da ƙananan kasuwannin da ba a tanadar musu ruwa ko bandaki ba. Ga ma'aikacin lafiya, ma'anar wannan ita ce akwai layin da ba zai shiga bin sawun mai cuta ba sai da ɗan unguwa a gabansa. Duk ranar da aka sa dokar hana fita, kamar ta awa 24 da aka sa a Jos ta Arewa a watan Agustan 2021, mai shan maganin tarin fuka da mai kai jariri rigakafi su ma an kulle su.

Inda babu yarda, jita-jita ce likita. A watan Agustan 2014 wani saƙo ya karaɗe wayoyi cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha don kare kai daga Ebola. Cutar ba ta taɓa zuwa Filato ba, amma jaridu sun ruwaito mutuwar mutum biyu a Jos saboda gishirin, wasu kuma aka kwantar da su. A watan Afrilun 2020 Gwamna Simon Lalong ya rufe jihar don feshin magani, kullen ya yi ta tsawaita, ana buɗewa 'yan kwanaki a sayi abinci. Mahauci da mai tsire da direban keke, waɗanda sai sun fita suke ci, an ce musu tallafi na tafe. A watan Oktoba, ana cikin tarzomar EndSARS, jama'a suka fasa rumbun ajiyar kayan tallafin korona a Bukuru, har rufin kwano suka yaye suna fito da buhuna. Ko wane bayani hukuma ta bayar kan dalilin ajiye kayan, wanda ya ga wannan hoto da wuya ya sake gaskata sanarwar gwamnati kan annoba ta gaba.

Arewa ta taɓa fita daga irin wannan rami. Bayan gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996, da ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, abin da ya juya lamarin shi ne shigar da sarakuna cikin aikin gadan-gadan daga 2009, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da shan inna na daji ranar 25 ga Agustan 2020. A Jos murya ɗaya ba za ta wadatar ba, dole a bi ta ƙofofi da yawa a lokaci guda: fadar Gbong Gwom Jos, masu unguwanni, limaman Juma'a, fastoci, shugabannin kasuwa, matan zumunta. Garin yana da abin da zai yi wannan da shi, domin a nan hedikwatar cocin ECWA take, a nan ta cocin COCIN take, a nan kuma aka kafa Izala a 1978, kowacce da 'yan agajinta ko asibitocinta da rassa har ƙauyuka. Yawanci sai annoba ta riga ta ɓarke ake aika musu takardar gayyata zuwa gidan gwamnati. Wurinsu yana cikin kwamitin shirin ko-ta-kwana na kowace ƙaramar hukuma, tare da jami'in sa ido da likitan dabbobi, suna zama ko da babu cutar da ake magana a kai.